Tayin Tare Hanya a Wasan Birij: Tarihinsa da Yadda Aka Koyi Auna Hannu a Bayansa

Birij wasan karta ne na mutum huɗu da ke zama biyu-biyu, kowane ɗan wasa yana fuskantar abokinsa. Ana raba kati 52 daidai wa daida, kowa ya sami 13, kuma da farko babu mai ganin hannun wani. Katin iri huɗu ne, ana gane su da alamar da ke jikinsu: kan mashi, zuciya, lu'ulu'u da ganye. A kowane iri es ne babba, sai sarki, sarauniya, jak, goma, har a sauko kan biyu. Kowa yakan jefa kati ɗaya, wanda nasa ya fi girma ya kwashe huɗun. Wannan shi ne zagaye, kuma zagaye 13 ake yi a kowane rabo. Wajibi ne mutum ya bi irin da aka fara jefawa muddin yana da shi. In ba shi da shi yana iya yankawa da turam, wato irin da aka fifita a kan sauran a wannan rabon, wanda ƙaramin katinsa ke doke es na kowane iri.

Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi gwanjo. Abin da ake tayawa shi ne yawan zagayen da ɓangare zai ci bayan shida na farko, tare da irin da yake so ya zama turam. Wanda ya ce uku a mashi ya ɗauki alkawarin cin zagaye 9 ke nan, mashi yana turam. Matakan tayi bakwai ne, kowane mataki yana da tayi biyar: ganye a ƙasa, sai lu'ulu'u, sai zuciya, sai mashi, sai babu-turam a sama. Jimilla tayi 35. Dole kowane tayi ya ɗara wanda ya gabace shi. Wanda ba ya son tayawa sai ya wuce, wanda kuma yake ganin abokan hamayya ba za su cika alkawarinsu ba sai ya ninka musu, riba da asara duk su ƙaru.

Gwanjon nan aiki biyu yake yi. Da shi ake sayen alkawari, kuma shi kaɗai ne hanyar da doka ta yarda mutum ya sanar da abokinsa abin da ke hannunsa. Ƙyafta ido, gyaran murya da kowace irin ishara haramun ne a wasan. Saboda haka kowane tayi daga cikin 35 ɗin nan yana da daraja, domin masu hannu mai ƙarfi suna bukatar su hau a hankali, suna musayar bayani, kafin su san inda za su tsaya.

Tayin tare hanya shi ne mai hannu mara ƙarfi, amma mai dogon iri guda, ya buɗe gwanjo daga sama, a mataki na biyu, na uku ko na huɗu, don ya hana abokan hamayya wannan musayar. Wanda ya buɗe da uku a mashi ya tsallake tayi 13, ya ɗauki na 14, ya bar wa teburi 21 kacal, dukkansu masu tsada. Duk wanda ya taɓa kora dabba daga Kafinsoli ko Kusada zuwa karar kasuwar Charanchi ya san irin wannan a ciniki: mai saye ya yi tayin farko da tsada tun kafin sauran su gama duba haƙora da taɓa ƙirjin sa, sai ya zama dole kowa ya yanke shawara nan take, ko ya ƙara ko ya janye.

Daga wist zuwa birij na alkawari

Katin karta ya shiga Turai a shekarun 1370 daga Masar ta zamanin Mamluk, kuma alamomi huɗun da aka sani yau sun fito ne daga Faransa a ƙarni na 15. Kakan birij shi ne wist, wasan Ingila wanda Edmond Hoyle ya rubuta ƙa'idojinsa a 1742. A wist babu gwanjo. Katin ƙarshe da aka raba shi ke nuna turam. A 1886 aka buga wata 'yar takarda a Landan tana bayanin wani wasa mai suna biric, inda mai rabo ke zaɓen turam da kansa, kuma ake shimfiɗa hannun abokinsa a fili. A 1894 wasan ya shiga kulob ɗin Portland na Landan, ya fara ture wist.

A farkon ƙarni na 20 aka shigo da gwanjo, aka sami birij na gwanjo. A wannan tsarin duk zagayen da aka ci ana ƙirga shi, ko an taya shi ko ba a taya ba, don haka burin kowa ya sayi alkawari da arha. Tun a lokacin akwai masu buɗewa da sama don rufe bakin abokan hamayya, amma dabarar ba ta da kaifi sosai, tunda masu ƙarfi ba sa bukatar doguwar musaya kafin su sami ladansu.

Abin ya sauya a ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba na 1925, a cikin jirgin ruwa mai suna Finland da ya bi ta mashigin Panama. A wannan tafiya Harold Vanderbilt, attajirin Amurka, ya gwada sabon tsarin maki da abokansa. Ya ɗauko wata ƙa'ida daga wasan Faransa mai suna filafon: zagayen da aka taya aka kuma ci su kaɗai ke kai ɓangare ga babban lada. Ya ƙara lada mai tsoka ga silam, wato alkawarin cin 12 ko 13. Sannan ya raba wasan yanayi biyu, na arha da na tsada, inda a yanayin tsada lada da asara duk suke hauhawa. Daga nan aka sami birij na alkawari. Tunda yanzu ba a samun babban lada sai an taya shi, sanin ainihin ƙarfin hannaye biyu ya zama wajibi, kuma hana abokan hamayya wannan sani ya zama makami.

Lissafin da ke ƙarƙashin dabarar

A tsarin makin gasa, alkawarin da ake kira gem shi ne uku a babu-turam, huɗu a mashi ko zuciya, ko biyar a lu'ulu'u ko ganye. Huɗu a mashi yana kawo maki 420 a yanayin arha, 620 a yanayin tsada. Uku a babu-turam yana kawo 400 ko 600. Ƙaramin silam yana ƙara 500 ko 750 a kan wannan, babban silam 1,000 ko 1,500. A ɗaya gefen, wanda aka ninka wa alkawari ya gaza cikawa yana asarar 100 in zagaye ɗaya ya rasa, 300 in biyu, 500 in uku, a yanayin arha. A yanayin tsada asarar 200 ce, sai 500, sai 800.

Misali, hannu mai mashi bakwai, sarki, sarauniya, jak, goma da ƙanana uku, ba shi da wani babban kati a sauran iri. Idan abokan hamayya suka sayi alkawari da zuciya, da wuya wannan hannu ya ci zagaye ɗaya, domin mashinsa yankawa za a yi. Idan kuwa mashi ne turam, zai ci shida shi kaɗai. In ya taya uku a mashi aka ninka, abokinsa bai kawo komai ba, ya rasa uku, asarar 500 a yanayin arha. Amma in har abokin ba shi da komai, abokan hamayya suna da gem na 620, watakila ma silam na 1,430. Asarar 500 ta zama riba.

Daga wannan lissafi aka fitar da ƙa'idar biyu da uku, wadda Ely Culbertson ya yaɗa a shekarun 1930: mai tare hanya ya taya fiye da abin da hannunsa zai ci da zagaye biyu a yanayin tsada, uku a yanayin arha, ta yadda mafi munin asara ba za ta wuce 500 ba. Culbertson ne ya kafa mujallar The Bridge World a 1929, kuma karawarsa da Sidney Lenz a New York daga Disamba 1931 zuwa Janairu 1932, wadda ya ci da ratar maki 8,980, ita ta sa birij a shafukan farko na jaridun Amurka. Mabiyansa sun riƙe tayin tare hanya da taka-tsantsan: iri mai kati bakwai masu kyau, babu es a gefe, babu wani iri na biyu da zai iya zama turam.

Ma'aunin hannu

Culbertson yana auna hannu ne da zagayen da manyan kati za su ci nan take: es da sarki a iri ɗaya biyu ne, es shi kaɗai ɗaya, sarki da ƙarami rabi. Wani ma'aunin, wanda Milton Work ya yaɗa, ya ba es maki 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimillar karta duka 40. Charles Goren ya ɗauki wannan ma'auni a ƙarshen shekarun 1940, ya ƙara masa makin siffar hannu: 3 ga irin da babu shi sam, 2 ga irin da kati ɗaya ne, 1 ga mai kati biyu. Ya koyar da cewa hannaye biyu suna bukatar kamar 26 don gem, 33 don ƙaramin silam, 37 don babba. Sauƙinsa ya sa ya mamaye duniya.

A wannan zamanin ne tayin tare hanya ya sauko mataki na biyu. A tsarin Culbertson buɗewa da biyu alamar ƙarfi ce mai yawa, amma irin wannan hannu ba ya zuwa sai jifa-jifa. Sai gwanaye irin su Howard Schenken suka tattara dukkan manyan hannaye a tayi guda, biyu a ganye, suka mayar da biyu a lu'ulu'u, zuciya da mashi na masu kati shida da maki kamar 6 zuwa 10. Tsarin Roth da Stone da na Kaplan da Sheinwold sun rungumi wannan a shekarun 1950. Daga baya a Ingila Terence Reese da Jeremy Flint suka shahara da wani tayi na biyu a lu'ulu'u mai fuska da yawa, wanda galibi ke nufin dogon mashi ko doguwar zuciya ba tare da bayyana wanne ba. Sakamakon duk wannan shi ne tare hanya ya tashi daga abin da ake gani sau ɗaya a zama ya koma abin yau da kullum, kuma ya tilasta wa 'yan wasa su nemi amsa.

Muhawara kan ma'anar ninki

Tambayar farko ita ce abin da ninki zai nufa bayan an tare hanya. Ɓangare ɗaya ya ce hukunci ne: wanda ya yi ganganci a kama shi. Harry Fishbein na New York ya gina tsarinsa a kan haka. A wurinsa ninki na hukunci ne, wanda ke son abokinsa ya zaɓi iri sai ya taya iri na gaba mafi arha. A Birtaniya an daɗe ana amfani da uku a babu-turam ko ƙaramin iri, wato ganye ko lu'ulu'u, don wannan buƙata. Ɗaya ɓangaren ya ce ninki ya zama kira ga aboki ya zaɓi ɗaya daga sauran iri uku.

Ra'ayi na biyu ne ya yi rinjaye, kuma dalilinsa ƙidaya ce. Idan mutum ɗaya yana riƙe da bakwai daga cikin 13 na wani iri, shida ne suka rage wa mutum uku, don haka hannu mai ƙarfi da ƙarancin wannan iri ya fi yawan zuwa a kan hannu mai tarin manyansa. Tsarin Fishbein kuma yana cinye tayin da ake bukata don nuna iri na gaskiya, yana kuma ɗaga gwanjo sama. Sannan ninkin kira bai rufe ƙofar hukunci ba: abokin da ya sami kansa da dogon turam na abokan hamayya yana iya wucewa, ninkin ya tsaya, a kama mai tare hanya.

Da wannan ya zauna, sai ma'aunin hannu da kansa ya sauya. Hannu mai maki 13, mashi ɗaya, da kati huɗu-huɗu a sauran iri, ya cancanci ninka uku a mashi, domin duk irin da aboki ya zaɓa zai tarar da goyon baya, kuma za a yanke mashi tun zagaye na biyu. Hannu mai maki 14 da ƙananan mashi uku, sauran a baje, ya fi dacewa ya wuce: ba shi da abin yanka, kuma zagayen farko na abokan hamayya ne. Maki sun fi yawa a na biyu, amma na farko ya fi amfani. Daga nan aka sami ƙa'idar da malaman wasan suka yi ittifaƙi a kai, cewa nauyin magana yana kan wanda ya fi ƙarancin irin da aka taya. In shi ya yi shiru, abokinsa mai kati uku ko huɗu a irin ba zai iya motsi ba, sai gem ya wuce su duka.

Wurin da babban kati yake zaune ma yana sauya darajarsa. Wasa yana zagawa ne ta hagu, don haka sarkin mashi a hannun wanda ke hagun mai tare hanya kusan zagaye ne tabbatacce, tunda shi ke jefawa bayan mai es. Sarkin nan a hannun wanda ke damansa yana cikin haɗari. Sarauniya ko jak da ƙarami ɗaya a irin abokan hamayya kuwa ana ƙirga musu maki a takarda, amma a wasa da wuya su ci komai.

Akwai kuma zaton da ake yi wa aboki. Mai tare hanya yana da maki kamar 7. Wanda ke da 16 ya san saura 17 suna tsakanin abokinsa da ɗaya abokin hamayyar, don haka yana da hujjar ɗauka cewa abokinsa na da 7 ko 8, ya taya a kan wannan. Abokin kuma wajibi ne ya tuna an riga an ƙirga masa waɗannan maki, kada ya sake ɗaga tayi saboda su. Wanda ke kujerar ƙarshe, inda wucewarsa za ta rufe gwanjo, yakan ara wa kansa kamar maki 3 daga hannun abokin, abokin kuma ya rage su daga nasa lissafin. Haka nan ba a tare hanya a kan mai tare hanya: tsalle bayan tayinsa alamar ƙarfi ce, domin babu amfanin ƙuntata wa wanda ya riga ya faɗi duk abin da ke hannunsa.

Uku a babu-turam ya sami matsayi na musamman. Hannu mai maki 16 zuwa 20 da makari a irin da aka taya, kamar es da ƙanana biyu, yakan taya shi ko da sauran bayanin bai cika ba. Dabarar wasa ita ce a ƙi cin zagayen farko da na biyu har abokin mai tare hanya ya ƙare da irin. Daga nan dogon irin ya mutu, tunda mai shi ba shi da babban kati a gefe da zai karɓi jifa. Bob Hamman na Amurka, wanda ya daɗe a sahun farko na duniya, ya shahara da shawarar cewa in uku a babu-turam yana cikin zaɓin da ke da ma'ana, shi za a ɗauka. Don magance ruɗanin ƙarfi bayan an ninka tayin mataki na biyu, aka aro tsarin Lebensohl, wanda ya bayyana a The Bridge World a 1970: mai amsa mara ƙarfi yakan bi ta biyu a babu-turam kafin ya nuna irinsa, mai ɗan ƙarfi kuma ya taya irin kai tsaye.

Dokar jimillar zagaye

Babban sauyi na gaba ya fito daga Faransa. Jean-René Vernes ya bi sakamakon wasannin gasar duniya, ya lura cewa idan aka haɗa zagayen da kowane ɓangare zai ci da mafi tsawon irinsa, jimillar takan yi daidai da jimillar turam na ɓangarorin biyu. In ɓangare ɗaya na da mashi 10, ɗayan na da zuciya 9, to zagaye kamar 19 ne ke tsakaninsu: in waɗannan za su ci 9, waɗancan za su ci 10. Ya buga wannan a The Bridge World a 1969. Amfaninsa a teburi shi ne ɓangare yana iya tayawa har adadin turam da yake da shi, domin ko dai ya cika alkawari, ko asararsa ta gaza abin da abokan hamayya za su ci.

A shekarun 1980 Marty Bergen da Larry Cohen suka ci gasa da dama a Amurka da wannan fahimta, Bergen yana tare hanya da hannayen da mutanen Culbertson ba za su taɓa kusanta ba, har da iri mai kati biyar. Littafin Cohen mai suna To Bid or Not to Bid, na 1992, ya kai dokar ga talakan ɗan wasa. Ta koya wa abokin mai tare hanya aikinsa: in yana da kati uku a irin da aka buɗe da uku, sun haɗa 10, sai ya ɗaga zuwa huɗu nan take, ko da hannunsa fayau ne, ya bar abokan hamayya da zato a mataki mai tsada. Mai tare hanya shi kansa ba ya sake magana, domin abokinsa ya san hannunsa, shi bai san na abokin ba.

Masu tsara doka sun mayar da martani. A 1987 aka gyara makin gasa: zagaye na huɗu da aka rasa a yanayin arha bayan ninki ya tashi daga 200 zuwa 300, jerin asara ya koma 100, 300, 500, 800, 1,100 maimakon 700 da 900. Dalilin shi ne sadaukar da kai a gaban silam ya yi arha fiye da kima. Dokar Vernes ma ta sha suka. Mike Lawrence da Anders Wirgren sun nuna a wani littafi cewa gajerun iri da wurin zaman manyan kati sukan karkatar da jimillar da zagaye ɗaya ko biyu. A yau gwanaye suna riƙe ta a matsayin ma'aunin farko da ake gyarawa da hankali.

Kujera ita ma ta shiga lissafi. Mai tayin farko yana ƙuntata wa abokan hamayya biyu da aboki ɗaya. A kujera ta biyu ɗaya daga abokan hamayya ya riga ya wuce, saura ɗaya da ɗaya, don haka ana son hannu ya cika sharaɗi. A kujera ta uku aboki ya wuce, babu wanda za a cuta sai na hagu, nan aka fi sakin jiki. A ta huɗu babu wanda za a tare wa hanya, sai a taya abin da ake sa ran ci.

Bayan an gama gwanjo

Tare hanya yana da farashi: yana tona asirin hannu. Idan kati biyar na wani iri suna wajen abokan hamayya, a al'ada sukan rabu uku da biyu sau 68 cikin 100, huɗu da ɗaya sau 28. Bayan tare hanya mummunan rabo yana ƙaruwa, shi ya sa ake rage buri a silam, ake kuma fifita turam mai ƙarfi. Amma wanda ya sayi alkawari yana samun haske. In mai tare hanya yana da mashi bakwai, gurbi shida ya rage masa na sauran iri. In abokinsa yana da mashi biyu, gurbinsa 11. Sarauniyar da ake nema a wani iri ta fi yiwuwa tana wajen abokin da rinjayen 11 a kan 6.

Dabarar ta kuma haifar da matsalar ladabi. Wanda aka yi wa tsalle ba zato yakan yi jim in yana da abin tunani, ya wuce da sauri in ba shi da komai, kuma duka biyun bayani ne da doka ta hana abokinsa amfani da shi. Saboda haka aka sa ƙa'idar na gaba ya dakata kamar daƙiƙa 10 bayan kowane tsalle, ko mene ne a hannunsa. Akwatin tayi, wanda aka ƙirƙira a Suwidin a 1962 aka yi amfani da shi a gasar duniya ta Stockholm a 1970, ya kawar da sautin murya, tunda da kati ake nuna tayi. A 1975 aka fara sa labule tsakanin abokai a gasar duniya ta Bermuda Bowl, wadda aka soma tun 1950.

Wasan a Afirka da ƙasar Hausa

An kafa hukumar birij ta duniya a 1958, kuma kwamitin Olimfik na duniya ya amince da ita a matsayin hukumar wasa a 1999. A kulob-kulob an daɗe ana buga birij a kan kuɗi, amma na gasa maki ake ƙirgawa, kuma rabo ɗaya ake bugawa a tebura da yawa a kwatanta sakamako, don sa'ar kati ta fita daga lissafi. A Afirka wasan ya fi ƙarfi a Masar, Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu. Omar Sharif, ɗan fim na Masar, ya buga wa ƙasarsa a gasar duniya, kuma Afirka ta Kudu ta fitar da Italiya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Bermuda Bowl ta 2007 a Shanghai.

A Arewacin Najeriya birij ya zo da jami'an mulkin mallaka, ya zauna a kulob ɗinsu, bai shiga gari ba. Katin da ya kama ƙasa shi ne Whot, wanda William Storey ya ƙirƙira a Ingila a 1935. Wasan basira na asali a garuruwa irin su Kankia, Kusada da Kafinsoli kuwa dara ce, mai gida 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɓangare, inda ake neman jera uku. A dara komai a fili yake, gwani yana hango abin da zai biyo baya. A birij, lokacin gwanjo, kashi uku cikin huɗu na katin a ɓoye suke, kuma tayin tare hanya yana rage ɗan bayanin da ake iya samu.

Abin da shekaru ɗari na wasan suka tabbatar shi ne babu tsarin da ke mayar da tayin da aka tsallake. Gwanaye sun daina neman alkawari mafi kyau bayan tare hanya, suna neman mai kyau wanda za a iya kaiwa da tayi ɗaya ko biyu. Suna auna siffar hannu kafin maki, suna ƙirga wa aboki rabonsa sau ɗaya, mai ƙarancin iri yana magana, kuma suna karɓar cewa wani lokaci za a kama su da 800, wani lokaci silam zai wuce su. Ɓangaren da ya yi haka a kai a kai shi ke kan gaba idan aka tara makin rabo ɗari.